Kayan Ƙari na Zane Mai Motsi a Shafukan Intanet: Saurin Wa Suke Ƙarawa?

Tun daga watan Afrilun 2025, lokacin da kamfanin Webflow ya sanar da cewa GSAP, wani kundin umarni da ake motsa zane da shi a shafukan intanet, da dukkan kayan ƙarinsa sun zama kyauta ga kowa, wata tambaya ta riƙa dawowa a bakin matasan Katsina da ke koyon gina shafukan intanet: shin ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa manyan manhajojin zane, waɗanda ake kira fulogin ko ekstenshan, da gaske suna rage wahalar haɗa zane mai motsi, ko kuwa daɗin bakin 'yan talla ne? Wasu na ganin duk wanda ya tara su a kwamfutarsa ya riga ya zama gwani. Wasu kuma, musamman waɗanda suka sha wuya kafin hannunsu ya faɗa, suna yi musu kallon hanyar ragwaye, wadda za ta karya farashin aiki ta kuma cika intanet da shafuka masu kama da juna. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar abu ɗaya ne a gabansu, alhali kayan sun kai iri huɗu, kowanne da inda yake zama da irin wahalar da yake ɗauke wa mai aiki. Sannan akwai mutum na uku da ba kasafai ake sako shi cikin muhawarar ba, wato wanda zai buɗe shafin da wayarsa, da datar da ya saya da kuɗinsa.

Mene ne ake nufi da kayan ƙari?

Telan da ke zaune a babbar kasuwar Katsina zai fi kowa saurin gane wannan batu. Keken ɗinkinsa yana yin miƙaƙƙen ɗinki ba tare da an ƙara masa komai ba, amma idan za a sa zif ko a yi gidan maɓalli, akwai ƙafar da ake sauya wa keken domin aikin da zai ci rabin awa ya ƙare cikin 'yan mintuna. Ƙafar ba keke ba ce, ba ta aiki ita kaɗai, kuma ba ta koya wa kowa yanka. Haka kayan ƙari suke: ƙananan manhajoji ne da ke shiga cikin wata babbar manhaja su yi aiki guda, yawanci aikin da ake ta maimaitawa har hannu ya gaji.

Iri na farko su ne masu zama cikin manhajar zane, kamar After Effects na kamfanin Adobe, wanda ya fara fitowa tun 1993, ko Figma, wadda ta buɗe ƙofar karɓar fulogin a 2019. Waɗannan a kwamfutar mai zane suke tsayawa, mai ziyartar shafi bai san da su ba, kuma ba ya ɗaukar nauyinsu. Iri na biyu kundayen umarni ne da mai gina shafi ke haɗawa da shafin kansa, irin su GSAP da Anime.js da Motion, kuma duk wanda ya buɗe shafin sai wayarsa ta sauke su kafin motsin ya fara. Iri na uku su ne na manhajojin gina shafi ba tare da rubuta umarni ba, kamar fulogin na WordPress irin su Elementor, inda mutum ke zaɓar salon motsi daga jeri ya danna. Na huɗu kuma su ne masu zama cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, waɗanda ake amfani da su wajen duba aiki da gwada shi.

Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne ginshiƙin wannan bayani gaba ɗaya, domin na farko yana rage wa mai zane lokaci ba tare da ya ɗora wa kowa kaya ba, na biyu da na uku kuwa suna iya rage wa mai aiki awa uku su ƙara wa kowane mai ziyara daƙiƙa uku, kuma masu ziyarar ba su da iyaka.

Ina lokacin mai zane yake tafiya?

Motsin da ido ke gani a fuskar waya jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, galibi sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ke nufin kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin na gaba ya maye gurbinsa. Ba wanda ke zana hotuna 60 ɗin da hannu. Abin da mai zane ke yi shi ne kafa turaku a kan layin lokaci: a wannan daƙiƙa abu yana nan, a waccan daƙiƙa ya kai can, sai manhaja ta cike abin da ke tsakani. Idan aka bar ta haka, za ta tafiyar da abin da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ido zai ga motsin a sandare, domin babu wani abu mai rai ko mai nauyi da ke tafiya haka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya ga abin da nake nufi. Dokin da za a yi jahi da shi ba ya tashi da cikakken gudu tun daga takun farko. Yakan ɗauko a hankali, ya buɗe sukuwa, sannan mahayin ya ja linzami ya tsayar da shi cak a gaban Sarki, har jikinsa ya ɗan koma baya kafin ya daidaita. Wannan hawa da saukar gudu shi ne masu sana'ar ke zanawa a matsayin lanƙwasasshen layi, kuma a harshen CSS, wanda ake tsara kamannin shafi da shi, lambobi huɗu ne kacal ke bayyana shi. Gyara wannan layi da hannu a After Effects, turke bayan turke, a kan abubuwa talatin ko arba'in, yana daga cikin ayyukan da suka fi cin lokaci. Fulogin irin su Flow, da kuma wani na kamfanin Mt. Mograph da shi ma ake kira Motion, abin da suke yi ke nan: mutum ya daidaita lanƙwasar sau ɗaya, ya adana ta, ya zuba ta kan turaku ɗari a lokaci guda. Sai dai zaɓen wace lanƙwasa ce ta dace da maɓallin biyan kuɗi, wace ce kuma ta dace da tambarin makarantar yara, yana nan a wuyan mai zane, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya tara kaya kawai.

Wuri na biyu da lokaci ke zurarewa shi ne jigilar zane daga wata manhaja zuwa wata. A ɗauka an ba wani mai zane a Daura aikin tambari mai ɗauke da rijiyar Kusugu, ana son guga ya sauka ya fito da ruwa yayin da shafi ke buɗewa. Zai zana rijiyar da igiyar da gugan a Illustrator ko Figma, ya adana, ya shigo da su After Effects, ya mayar da kowane sashe zuwa irin siffar da za ta motsu, ya sake sanya musu sunaye. Washegari mai aikin ya kira ya ce launin gugan bai yi masa ba, sai a koma farko. Overlord, na kamfanin Battle Axe, an yi shi ne don wannan matsala kaɗai, domin yana tura siffofin kai tsaye da dannawa ɗaya. Idan kuma mutum ne zai ja gugan, akwai Duik, wanda wani Bafaranshe mai suna Nicolas Dufresne ya ƙirƙira ya kuma bayar kyauta, da RubberHose na sayarwa, waɗanda ke sanya wa zanen mutum ƙasusuwa da gaɓoɓi, ta yadda idan an ja tafin hannu, gwiwar hannu da kafaɗa za su biyo da kansu.

Duk waɗannan, a ganina, babu abin zargi a cikinsu. Wanda ya ce amfani da su ragwanci ne kamar wanda ya ce wa tela ya ajiye keke ya koma allura ne.

Yadda aka iso nan: daga GIF zuwa Lottie

Wuri na uku, wanda ya fi sauran girma, shi ne fitar da motsin daga kwamfutar mai zane zuwa cikin shafi, kuma ba za a fahimci dalilin yawaitar kayan ƙari ba sai an waiwayi tarihin wannan mataki. Tsohuwar hanya ita ce GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987. Launuka 256 kawai yake iya ɗauka a kowane hoto, kuma da yake hotuna yake tarawa ɗaya bayan ɗaya, motsin 'yan daƙiƙu kan zama fayil mai nauyi da dishi-dishi a gefuna. Daga tsakiyar shekarun 1990 Flash ya karɓi ragama, ya kuma riƙe ta fiye da shekara goma, saboda a cikinsa mai zane ke yin zanen da motsin ya kuma fitar da su a dunƙule. Amma iPhone da ta fito a 2007 ba ta karɓi Flash ba, a 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya fito fili ya bayyana dalilansa na ƙin sa, a 2017 Adobe, mai mallakar Flash, ta sanar da cewa za ta yi ritayarsa, kuma ranar 31 ga Disamba 2020 ta daina tallafa masa.

Faɗuwar Flash ta bar giɓi tsakanin mutum biyu. Mai zane yana gama motsinsa a After Effects, ya miƙa wa mai gina shafi bidiyo, shi kuma ya zauna yana kallo yana ƙoƙarin kwaikwayonsa da rubutun umarni, a ƙarshe abin ya fito ba yadda aka zana ba, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. A 2015 Hernan Torrisi ya fitar da Bodymovin, wani ekstenshan na After Effects da ke fitar da motsin a matsayin fayil ɗin rubutu nau'in JSON. Maimakon ya adana hotuna, bayanin abin da za a yi yake adanawa: da'ira mai girma kaza da launi kaza ta tashi daga nan ta kai can cikin lokaci kaza. A farkon 2017 injiniyoyin Airbnb suka fitar da manhajar da ke karanta wannan fayil a wayoyin Android da iPhone, suka sa mata suna Lottie don tunawa da Lotte Reiniger, Bajamushiyar da ta yi fice wajen haɗa fim da yankakkun takardu. Tun daga nan aikin da kan ci kwanaki tsakanin mutum biyu ya koma na mintuna, kuma zanen ba ya dusashewa ko da an faɗaɗa shi, domin lissafi ne ba hoto ba.

Akwai iyaka da sababbin shiga kan ci karo da ita. Ba duk abin da After Effects ke iya yi ne Lottie ke fahimta ba. Da yawa daga cikin kwalliyar haske da hayaƙi da makamantansu ba sa fitowa ko kaɗan, kuma idan aka cusa hoton kyamara a ciki, fayil ɗin zai kumbura ya rasa fa'idar da aka zo nema. Wannan ne ya buɗe hanya ga manhajoji irin su Rive, waɗanda aka gina su don motsin da zai yi aiki kai tsaye cikin shafi ko manhaja, kuma suke ba zanen damar amsa taɓawar mai kallo.

A ɓangaren masu rubuta umarni kuwa, GSAP tun zamanin Flash Jack Doyle ya fara shi, ya kuma tsallako da shi zuwa JavaScript, harshen umarnin da shafukan intanet ke aiki da shi. Shekaru da dama asalin kundin kyauta ne, amma wasu kayan ƙarinsa sai 'yan ƙungiya masu biyan kuɗi: SplitText mai rarraba rubutu zuwa kalmomi da haruffa don su motsa ɗaiɗai, MorphSVG mai rikiɗar da wata siffa zuwa wata, da DrawSVG mai sa layi ya zana kansa a gaban mai kallo. Webflow ya sayi kamfanin da ke yin GSAP a Oktoban 2024, bayan wata shida kuma ya cire kuɗin. Wannan shi ne labarin da ya tayar da zancen, kuma ga ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, wanda a da ba shi da hanyar biyan dala, ba ƙaramin abu ba ne.

Wa ke biyan kuɗin saurin?

Mai zane yana gwada aikinsa a kwamfuta, sau da yawa ma fayilolin suna cikin kwamfutar, don haka komai yana buɗewa nan take. Wanda aka yi shafin dominsa kuwa yana iya kasancewa a Mashi ko Mai'aduwa ko Ingawa, riƙe da Itel ko tsohuwar Tecno, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, don haka duk kilobayit ɗin da shafi ya tilasta wa waya saukewa, daga aljihun wani yake fita.

A nan ne ake yawan yin kuskure game da Lottie. Gaskiya ne fayil ɗinsa kan fi GIF sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba ya motsi shi kaɗai. Sai an haɗa shi da manhajar da za ta karanta shi, kuma cikakkiyar wannan manhaja ta haura kilobayit 200 kafin a matse ta. Idan shafin yana da zane goma masu motsi, an ci riba. Idan kuwa wata 'yar kibiya ce guda ɗaya ake son ta riƙa lilo, to an ɗauko tirela don kai buhu ɗaya, alhali layi biyar na CSS za su yi aikin ba tare da an sauke komai ba. Matsalar ta fi tsanani a WordPress, inda mutum kan sanya fulogin ɗaya don rubutu ya riƙa shigowa daga gefe, wani don hotuna masu juyawa, wani don lambobi masu ƙirga kansu, kowanne kuma ya zo da nasa kundin umarni, wani lokaci ma kundi ɗaya a sauke shi sau biyu, kuma yawancinsu suna lodawa a kowane shafi ko ana buƙatarsu ko ba a buƙata.

Bayan data akwai ƙarfin wayar. Fayil ɗin Lottie umarni ne, wayar ce za ta yi lissafin ta zana kowane hoto cikin ɗan lokacin nan da bai kai kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, in ta kasa sai motsin ya riƙa cijewa, wayar ta ɗauki zafi, caji ya zube, a garin da ba kullum ake samun wutar KEDCO ba. Haka kuma ba duk motsi ne ke da nauyi ɗaya a wurin burauza ba. Gusar da abu, juya shi, faɗaɗa shi ta hanyar da CSS ta tanada don haka, ko sa shi ya dusashe, duk masu sauƙi ne, domin ba sa taɓa tsarin sauran shafin. Sauya ainihin faɗin abu ko tsawonsa ko tazarar da ke gefensa kuwa yana tilasta wa burauza sake auna matsayin duk abin da ke kewaye da shi a kowane hoto. Fulogin mai kyau yana bin hanya ta farko, maras kyau yana bin ta biyu, kuma a fuskar kwamfuta mai ƙarfi ba za a ga bambancinsu ba. Google ma yana auna irin wannan: yana son babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma tun Maris 2024 yana duba ko shafi na amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, sannan waɗannan ma'aunai suna cikin abubuwan da yake la'akari da su wajen jera sakamakon bincike.

Akwai kuma lafiyar mai kallo. Wasu mutane motsi mai yawa a fuskar waya yana sa su jiri da tashin zuciya, walƙiya mai sauri kuma tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, suka hana abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, suka kuma ce duk motsin da ke tashi da kansa ya wuce daƙiƙa biyar a gefen wani rubutu, a ba mutum hanyar tsayar da shi. Wayoyin zamani suna da wurin da mutum zai nemi a rage masa motsi, kuma shafi yana iya karanta wannan zaɓi ya mutunta shi, amma sai mai ginin ya tanadi hakan da gangan.

Ƙ, ɗ, ɓ da rubutun ajami

Wannan matsala ce da ba za a ji ta a darussan da ake kallo a YouTube ba, domin masu yin su ba da Hausa suke aiki ba. Da yawa daga cikin salon haruffa masu ado da ke zuwa tare da shiryayyun zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. A rubutu tsayayye burauza takan aro harafin daga wani salo, ya fito ɗan bambarakwai amma a karanta. A cikin motsi, inda kowane harafi ke shigowa shi kaɗai da girma, aron yana fitowa fili, kuma idan rubutun an mayar da shi siffa ne tun daga After Effects, harafin na iya fitowa akwati ko ya ɓace, "ƙasa" ta koma "asa". Maganin shi ne a gwada salon da jimla mai ɗauke da haruffan tun kafin a kafa turke ko ɗaya.

Larabci da ajami sun fi haka wuya. Haruffansu a sarƙe suke, kuma siffar kowanne ta dogara ne da maƙwabtansa. Kayan aikin da ke yanka rubutu harafi-harafi yana iya tsinke wannan sarƙa, sai sunan makarantar Islamiyya ya fito a warwatse kamar allon mai koyon babbaƙu. Irin wannan rubutu kalma-kalma ko layi-layi ake motsa shi, kuma daga dama zuwa hagu, saɓanin yadda akasarin shiryayyun salo suke zuwa.

Kuɗi, kayan sata da tsaro

After Effects haya ake yi wata-wata, Adobe kuma tana neman kwamfuta mai aƙalla gigabayit 16 na ƙwaƙwalwar aiki, abin da ya fi ƙarfin yawancin kwamfutocin gwanjo da ɗalibai ke riƙewa. Yawancin fulogin masu kyau da dala ake sayar da su a kasuwanni irin su aescripts, dalar da kafin Yunin 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba amma a 2024 ta haura 1,500. Saboda haka ba abin mamaki ba ne fasassun manhajoji su riƙa yawo daga filash zuwa filash. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Fasasshen fulogin a kwamfutar mai zane haɗarinsa a kansa yake tsayawa, amma fasasshen fulogin na WordPress a kan shafin wanda ya biya kuɗin aiki yake zama, ba ya samun gyaran tsaro, kuma sananniyar hanya ce ta ɓoye ƙofar da ɓarayi za su shigo daga baya. Mai asibiti ko mai makaranta da aka gina wa shafi da irin wannan bai san an yi ba, sai ranar da shafinsa ya fara tura mutane dandalin caca.

Kayan halal ma ba su kuɓuta gaba ɗaya ba. A ƙarshen Oktoban 2024 wasu suka samu makullin wani ma'aikacin LottieFiles, dandalin da ake samun shiryayyun zanen Lottie, suka fitar da gurɓatattun sigogi uku na manhajar kunna Lottie, daga 2.0.5 zuwa 2.0.7, kuma shafukan da aka saita su riƙa ɗauko sabuwar siga kai tsaye suka wayi gari suna nuna wa masu ziyara allon da ke neman su haɗa asusunsu na kirifto. Kamfanin ya fitar da siga mai tsabta cikin gaggawa, waɗanda kuma suka ƙulle shafinsu a kan tsohuwar siga guda abin bai taɓa su ba. A Disamban shekarar aka sake gano gomman ekstenshan na Chrome da aka gurɓata bayan an yaudari masu su da saƙon bogi. Ekstenshan ɗin da aka ba izinin karanta duk shafin da mutum ya buɗe yana ganin shafin banki kamar yadda yake ganin shafin da ake son a auna launinsa, don haka masu taka-tsantsan kan ware wani asusun burauza daban don kayan aiki.

Abin da wannan ke nufi ga mai koyo da mai ba da aiki

Masu tsoron karyewar farashi suna da hujja ta wani gefen. Aikin da ba ya buƙatar komai sai a sa rubutu ya shigo daga ƙasa, ko a ɗauko shiryayyen zane daga LottieFiles a sauya masa launi, ya riga ya zama na kowa, kuma kuɗinsa zai ci gaba da sauka. Burauza kanta tana haɗiye ayyukan da a da sai da fulogin. Tun 2023 Chrome ke iya haɗa motsi da gungura shafi ta CSS zalla. Wanda duk jarinsa shi ne sanin inda ake danna wani fulogin, ranar da fulogin ɗin ya tsufa ko mai shi ya daina kula da shi, jarin ya tafi. Masu ɗokin kayan su ma suna da tasu hujjar, domin matashin da ke da kwamfuta mai rauni yanzu yana iya yin zane a Figma, ya motsa shi a Rive ko Jitter cikin burauza, ya ƙarasa da GSAP, ba tare da ya saci manhajar kowa ba, ko da yake hakan na buƙatar intanet a kusan kowane mataki.

Shi kuma mai shagon atamfa ko shugabar makarantar da ke son a gina mata shafi, ba sai sun san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya ba kafin su kare kansu. Ya isa su tambayi fulogin nawa aka sanya, wanne ne na biya kuma da sunan wa aka saya, wa zai riƙa sabunta su bayan an miƙa aiki, sannan su ƙi karɓar gwaji a kwamfutar mai ginin, su buɗe shafin da ƙaramar wayar wani yaron gida, da data ba da wayfai ba.

Mai ginin ma yana da hanyar yin wannan gwaji tun kafin a kai ga haka, kuma abin mamaki kayan gwajin da suka fi amfani ba a sauke su daga ko'ina, suna cikin Chrome tun asali. A cikin DevTools, wato sashen kayan aikin masu gina shafi, akwai sashen da ke rage gudun motsi zuwa kashi 25 ko kashi 10 cikin ɗari don a ga inda yake cijewa, akwai inda ake sa kwamfuta ta kwaikwayi sabis na 3G, akwai inda ake rage ƙarfinta ninki huɗu ko shida ta yi kusa da ƙaramar waya, sannan sashen da ake kira Lighthouse yana lissafo fayilolin da aka sauke ba a yi amfani da su ba. Idan aka kunna waɗannan aka sake buɗe tambarin nan na rijiyar Kusugu, za a ga ko gugan yana sauka sumul, ko kuwa sai mai ziyara ya gama karanta shafin kafin igiyar ta fara motsi.